Dafin da ke Fasa Ƙwayoyin Jini a Cutar Kwalara

Kwalara, wato cutar amai da gudawa, wata ƙwayar bakteriya ce mai siffar waƙafi take haddasa ta, wadda masana ke kira Vibrio cholerae. Wannan ƙwaya tana fitar da dafi fiye da iri ɗaya. Daga cikinsu akwai himolaisin, wato dafin da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini.

A shekarar 1905, a sansanin killace alhazai na El Tor da ke Sina'i ta ƙasar Masar, wani likita Bajamushe, Felix Gotschlich, ya ciro ƙwayar daga gawawwakin wasu alhazai da suka dawo daga Makka. Abin da ya bambanta ta da tsohon nau'in da aka sani shi ne, idan aka haɗa ta da jinin akuya ko na tunkiya, sai jajayen ƙwayoyin su fashe. Wannan nau'i na El Tor shi ya tayar da annobar duniya ta bakwai a tsibirin Sulawesi na Indonesiya a 1961, ta kuma iso Afirka ta Yamma a 1970.

To, yaya dafin yake aiki? Kowace ƙwayar jiki tana da tantani da ya lulluɓe ta. Ƙwayoyin dafin guda 7 sukan haɗu a kan tantanin su yi zobe, su huda kafa. Ta wannan kafa sinadaran gishiri ke kai da kawo ba ƙaidi, ruwa ya kwarara ciki, ƙwayar ta kumbura har ta fashe.

Sai dai ɗalibi ya lura, bakteriyar kwalara a hanji take zama, ba kasafai take shiga jini ba. Saboda haka ɓarnar himolaisin a jikin majiyyaci takan faɗa ne a kan bangon hanji da kuma fararen ƙwayoyin jini masu zuwa kare jiki. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna yana taimaka wa ƙwayar ta daɗe a hanji.

Ita kuwa gudawar nan mai kama da ruwan wankin shinkafa, aikin wani dafi ne dabam, wanda Sambhu Nath De ya tabbatar da samuwarsa a birnin Kalkata na Indiya a 1959. Shi ba ya fasa ƙwayoyin hanji, tilasta musu yake yi su yi ta zubar da ruwa da gishiri, har majiyyaci ya rasa kusan lita guda cikin sa'a ɗaya.

Ashe ke nan ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. Shi ya sa taimakon farko shi ne ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a kuma garzaya asibiti. Idan ba a yi magani ba, rabin waɗanda cutar ta tsananta musu suna iya rasuwa. Da kyakkyawar kulawa kuwa, ko mutum ɗaya cikin 100 bai kai ba.