Taƙaita Tarihin Git ga Folda Guda a Manhaja Mai Sassa da Yawa

Manhaja idan ta girma akan rarraba ta sassa-sassa, kowane sashe da foldarsa, amma duka suna zaune a rumbu ɗaya na Git. A aikin Java da ake ginawa da Maven, fayil ɗin `pom.xml` na saman rumbun ne ke lissafa sassan. A Gradle kuwa `settings.gradle` ne ke wannan aiki. A ɗauka akwai rumbu mai sassa uku: `biya` mai kula da karɓar kuɗi, da `rahoto` mai fitar da lissafi, da `tushe` inda aka tara kod ɗin da sauran biyun suka dogara da shi. Ranar da za a fitar da sabuwar sigar `rahoto`, ana buƙatar jerin canje-canjen da suka shafe shi shi kaɗai. Sai mai aikin ya shiga foldar ya buga `git log`, tarihin rumbun ya zubo masa baki ɗaya, har da gyare-gyaren `biya` da ba su da alaƙa da abin da yake nema. Haka abin yake faruwa ga na'urar gini ta atomatik: a gyara harafi ɗaya a wani sashe, ta sake gina duka ukun, ta buga wa kowanne sabuwar lamba.

Wannan ba kuskure ba ne a cikin Git, yadda aka ƙera shi ke nan. A Subversion, wanda ya riga shi yaɗuwa a kamfanoni, kowace folda tana da adireshinta, ana iya sauke ta ita kaɗai, kuma `svn log` yana duba foldar da ake tsaye a ciki ne. Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 domin aikin Linux, ba ya ajiye wa folda ko fayil tarihi na kansa. Kowane komit hoton rumbun ne gaba ɗaya a lokacin da aka yi shi, tare da nuni ga komit ɗin da ya gabace shi. Kamar mai ɗaukar hoton gida dukansa ne kowace rana: wanda ke son sanin ranar da aka sake wa ɗaki ɗaya fenti sai ya jera hotunan ya riƙa kwatanta su bibbiyu. Abin da ake kira tarihin folda a Git lissafi ne da ake yi a lokacin da aka tambaya, kuma amsar tana bin yadda aka yi tambayar. Daga nan dukan sauran matsalolin suka samo asali.

Maven kansa yana ɗauke da gadon zamanin Subversion. Idan sashe ya gaji adireshin rumbu daga babban `pom.xml`, Maven yana liƙa sunan sashen a ƙarshen adireshin, abin da ya dace da Subversion amma yake haifar da adireshin da babu shi a Git. Tun daga Maven 3.6.1 ana iya hana wannan ta hanyar sa `child.scm.connection.inherit.append.path="false"` a kan sashen `scm` na babban fayil ɗin, da takwarorinsa biyu na `developerConnection` da `url`. Duk wanda kayan haɗa rahotonsa ke karanta wannan adireshi, ya kamata ya fara gyara nan.

Matakin farko na tacewa mai sauƙi ne: a faɗa wa Git hanyar foldar. Umarnin `git log -- rahoto/` yana nuna komit ɗin da suka taɓa wani abu a cikin `rahoto` kawai, kuma idan ana cikin foldar, `git log -- .` ya wadatar. Layuka biyun (`--`) da ke gaban sunan suna raba sunayen rassa da sunayen folda. Ana iya barin su wani lokaci, amma idan akwai reshe mai suna ɗaya da foldar, ko kuma an riga an goge foldar daga aikin, Git zai ƙi umarnin in babu su. Saboda haka a rubutun da na'ura za ta riƙa gudanarwa, a sa su koyaushe. Domin jerin canje-canje tsakanin fitowa biyu, sai a ƙara iyaka: `git log rahoto-1.4..HEAD -- rahoto/`. Idan akwai ɓangaren da ba a so, kamar takardun bayani, ana cire shi da `':(exclude)rahoto/docs'`. Abin lura kuma, da zarar an ba da hanya, `--stat` da `-p` suna nuna fayilolin cikin foldar ne kawai ko da komit ɗin ya taɓa wasu wurare. Mai son ganin komit ɗin dukansa sai ya ƙara `--full-diff`.

Iyakar da aka rubuta a sama tana buƙatar kowane sashe ya sami alamomin fitowa nasa. Alama irin `v1.4` ta rumbu ce gaba ɗaya, ba ta faɗin ko ta wane sashe ce. In sassan ba tare ake fitar da su ba, a riƙa sa sunan sashe a gaban lambar. Harshen Go ma ya mayar da wannan doka: modul ɗin da ke cikin ƙaramar folda dole alamarsa ta fara da hanyar foldar, kamar `rahoto/v1.4.0`. Da irin wannan tsari, `git describe --tags --match "rahoto-*" --abbrev=0` yana nemo alamar ƙarshe ta sashen. Sai dai `git describe` ba ya karɓar folda. Adadin komit da yake liƙawa bayan sunan alama, idan ba a sa `--abbrev=0` ba, na rumbun ne duka, shi ya sa bai dace a ɗauke shi a matsayin lambar ginin sashe ɗaya ba.

Wurin da aka fi ruɗewa shi ne haɗewar rassa. Idan aka ba `git log` hanya, ba tacewa kawai yake yi ba, yana kuma sauƙaƙa tarihin. A duk komit ɗin haɗewa, yana kwatanta foldar da yadda take a kowane ɗaya daga iyayen komit ɗin. In ya tarar ta yi daidai da ta ɗayansu, sai ya bi wannan ɓangaren kaɗai, ya watsar da ɗayan da duk abin da ke cikinsa. Manufar ita ce ya ba da gajeren bayanin yadda foldar ta kai ga halin da take ciki yanzu, kuma a yawancin lokuta hakan ake so. Amma a ɗauka wani ya gyara kuskure a `rahoto` a wani reshe, sannan wajen haɗewa aka sami karo, mai haɗawar ya zaɓi tsohon fayil ɗin ya zubar da gyaran. Gyaran ya ɓace daga kod, kuma `git log -- rahoto/` ba zai nuna komit ɗin gyaran ba, ba zai nuna haɗewar da ta cinye shi ba. Mai bincike zai rantse ba a taɓa yin gyaran ba. A irin wannan hali `--full-history` ke fito da abin da aka ɓoye, kuma idan sakamakon ya cika da haɗe-haɗen da ba su ƙara komai ba, `--simplify-merges` yana rage su, ko da yake yana da nauyi a babban rumbu domin sai ya zagaye tarihin duka kafin ya nuna layi ɗaya.

Jerin canje-canjen da za a ba masu amfani da manhaja kuwa wata buƙata ce dabam. Inda ake shigar da kowane aiki babban reshe ta hanyar haɗewa, `git log --first-parent rahoto-1.4..HEAD -- rahoto/` ya fi dacewa, domin yana bin babban reshen ne kawai, yana nuna kowace haɗewa da ta canza foldar a layi guda, ba tare da ƙananan komit ɗin "gyara rubutu" da "sake gwadawa" ba. Haka nan mai ƙirga komit da `git rev-list --count` domin samun lambar gini ya haɗa da `--first-parent`. In ba haka ba, sauƙaƙawar da aka bayyana tana iya sa adadin ya ragu bayan wata haɗewa, sabon gini ya fito da lambar da ta gaza ta jiya.

Sauya sunan folda yana yanke tarihi. Git ba ya rubuta cewa an sauya suna, yana gano hakan ne daga baya ta kwatanta kamannin fayiloli, kuma zaɓin `--follow` da ke bin sauyin suna fayil ɗaya kawai yake iya bi, ba folda ba. Idan a da `rahoto` yana `modules/reports`, tarihin zai tsaya cak a ranar ƙaura. Maganin shi ne a ba da hanyoyin biyu tare: `git log -- rahoto/ modules/reports/`. Ya kamata a ajiye tsofaffin hanyoyin a rubuce cikin rumbun, domin bayan shekara biyu da wuya a sami mai tuna su.

Duk abin da ya gabata ya shafi tambayar abin da ya canza a cikin folda. Tambayar ko sashe yana buƙatar sabon gini ta fi wannan faɗi, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne kuskuren da ya fi tsada. `rahoto` ya dogara da `tushe`, ya kuma gaji lambobin sigar ɗakunan kod na waje daga babban `pom.xml`. In aka canza ɗaya daga cikin waɗannan, abin da zai fito daga ginin `rahoto` ya canza, alhali ba a taɓa ko fayil ɗaya a foldarsa ba. Jenkins yana da wurin zayyana hanyoyin da za su tayar da gini, GitHub Actions yana da `paths`, GitLab yana da `rules: changes`, kuma dukansu sunayen fayiloli kawai suke dubawa, ba su san wane sashe ya dogara da wane ba. Wanda ya rubuta `rahoto/` shi kaɗai ya gina wa kansa tarko: za a lalata wani abu a `tushe`, gwajin `rahoto` ba zai gudana ba, matsalar ta bayyana makonni bayan haka a kan komit ɗin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ko dai jerin hanyoyin ya ƙunshi `tushe/` da babban `pom.xml` da fayilolin tsarin ginin kansu, ko kuma, wanda ya fi inganci, a bar Git ya faɗi foldojin da suka canza da `git diff --name-only origin/main...HEAD`, sannan a miƙa wa Maven sauran aikin. Umarnin `mvn -pl tushe -amd verify` yana gina `tushe` da duk sassan da suka dogara da shi, `-am` kuma yana ƙara waɗanda shi ya dogara da su. Ribar wannan hanya ita ce Maven yana karanta dangantakar daga `pom.xml`, ba daga jerin da wani ya rubuta da hannu ya manta bai sabunta ba. Canjin babban `pom.xml` kuwa a ɗauke shi a matsayin wanda ya shafi kowa.

Domin buga wa sashe lambar shaida akwai hanyoyi biyu. `git log -1 --format=%H -- rahoto/ tushe/ pom.xml` yana ba da komit na ƙarshe da ya taɓa ɗaya daga cikinsu, wanda mutum zai iya buɗewa ya karanta. `git rev-parse HEAD:rahoto` kuwa yana ba da lambar abin da ke cikin foldar kanta, wadda ba ta canzawa sai abin cikin ya canza, kuma tana komawa yadda take in aka janye canjin. Ta biyun ta fi dacewa da tantance ko za a iya sake amfani da tsohon gini, muddin an haɗa ta da lambobin abubuwan da sashen ya dogara da su.

Akwai abin da ke rushe duk wannan lissafi a na'urar gini ba tare da wani gargaɗi ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori ba sa sauke tarihi duka. `actions/checkout` na GitHub komit ɗaya tak yake saukewa in ba a ce masa komai ba. A irin wannan kwafi Git yana ɗaukar komit ɗin a matsayin mafarin tarihi, kamar shi ya kawo kowane fayil, don haka kowane sashe zai bayyana kamar yanzu aka canza shi. Ana gyara wannan da `fetch-depth: 0`. In rumbun yana da nauyi ko data tana da tsada, `git clone --filter=blob:none` yana sauke komit da tsarin foldoji duka ya bar abin cikin tsofaffin fayiloli sai an buƙace su, kuma hakan ya isa ga tace tarihi. `--filter=tree:0` bai dace da wannan aiki ba, domin Git zai riƙa komawa sabar da aka sauko rumbun daga gare ta yana roƙon tsarin foldojin kowane komit. `git sparse-checkout` kuma, wanda ya zo a Git 2.25, yana rage fayilolin da ake gani a kwamfuta ne kawai, bai taɓa abin da `git log` ke nunawa ba. Idan jinkiri ne damuwar, `git commit-graph write --reachable --changed-paths`, wanda ake da shi tun Git 2.27 na 2020, yana ajiye taƙaitaccen bayanin hanyoyin da kowane komit ya taɓa, ta yadda Git zai tsallake mafi yawansu ba tare da buɗe su ba.

Wani lokaci abin da ake so shi ne a cire sashen ya koma rumbu nasa tare da tarihinsa. `git subtree split --prefix=rahoto -b rahoto-kadai` yana ƙirƙirar reshe mai ɗauke da tarihin foldar kaɗai, bai taɓa sauran rassa ba. `git filter-repo`, wanda Elijah Newren ya rubuta kuma takardun Git ke ba da shawarar amfani da shi maimakon tsohon `filter-branch`, ya fi ƙarfi: `--subdirectory-filter rahoto` yana mayar da foldar saman rumbu, kuma inda aka taɓa sauya mata suna ana maimaita `--path` ga kowace tsohuwar hanya. Yana sake rubuta rumbun da aka gudanar da shi a ciki, don haka a sabon kwafi ake yinsa. A duka hanyoyin biyu komit ɗin suna samun sababbin lambobi, sa hannun da aka yi musu ya daina aiki, kuma duk wata lambar komit da aka ambata a tikitin aiki ko takardar fitowa tana nuni ne ga tsohon rumbun, wanda saboda haka ya kamata a ajiye shi ko da don karatu kawai.