Yadda Ake Daidaita Ƙarfin Wutar Ƙaramar Na'urar Yankan Leza

Daga Gyallesu zuwa Tudun Wada a Zariya, mai sana'ar allunan suna, lambobin yabo ko maƙalin makulli zai iya rufa wa kansa asiri da ƙaramar na'urar leza ƙirar Sin, wadda aka fi sani da K40. Sai dai kwalbar lezar, wadda tana cikin kayan da suka fi tsada a jikinta, kan mutu da wuri idan aka yi mata ɗurin wuta.

Me akwatin wuta yake yi?

Akwatin yana karɓar wutar gida volt 220, ya ɗaga ta ta haura volt 15,000, ya tura cikin kwalbar gilashi mai iskar CO2. Daga nan hasken da ke yanka yake fitowa, kuma ido ba ya ganinsa. Yawan wutar da ke ratsa kwalbar, wanda ake aunawa da mA, shi ne ke nuna ƙarfin yankan.

Hanyoyin sarrafawa

A jikin akwatin akwai ƙananan mahaɗai: G, IN, 5V da L. Maɓallin murɗawa, irin na ƙara sautin rediyo, yana aika volt 0 zuwa 5 ga IN, wato shi ke sa iyakar ƙarfi. Shi kuwa L, da zarar an haɗa shi da G, leza ta kama.

Hanya ta biyu ita ce PWM: allon sarrafawa yana kunna L yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Allon M2 Nano da ke zuwa da na'urar ba ya canza ƙarfi daga kwamfuta, shi ya sa wasu ke sauya shi da wanda ke aiki da manhajar LightBurn.

Kaso ba ma'auni ba ne

Allon da ke nuna kashi 100 ba ya faɗin ainihin wutar da kwalba ke sha. Mafita ita ce mita mai allura ta 0 zuwa 30 mA, wadda ƙwararren mai gyara zai ɗaura a wayar da ke dawowa daga kwalba, ba jar waya mai babbar wuta ba. Sannan:

1. A kunna famfon ruwa, a rufe murfi.
2. A mayar da maɓalli ƙasa, a danna gwaji.
3. A ƙara a hankali har allura ta kai 15 mA, a yi alama a wurin.
4. Kada a wuce 18 mA. In katako ya ƙi yankuwa, a rage gudu ko a maimaita, a kuma goge madubai.

Zafi da wutar gari

Kwalbar ta fi son ruwan da bai wuce digiri 25 ba, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Zariya kan doshi 40. A jefa gorar ƙanƙara a bokitin ruwan, a tsaya idan ya yi ɗumi. Ko wutar Kaduna Electric ce ko ta janareta, a bi da ita ta sitabilaiza, a kuma tabbatar an haɗa wayar ƙasa.

Gargaɗi

Akwatin na iya riƙe wutar da za ta kashe mutum ko bayan an zare filogi. Kada a yanka robar PVC, hayaƙinta guba ne, yana kuma cinye ƙarfen na'urar. Kada a bar ta tana aiki babu kowa a kusa.