Karanta Taya Kafin Ka Biya Kuɗinta

Wanda ya sauka daga jirgin ƙasan Kaduna a tashar Idu da ke Abuja, wadda aka buɗe a watan Yulin 2016, in ya nufi unguwar masana'antu zai ga tireloli a jere bakin ƙofar kamfanoni suna jiran lodi. Zai ga tankokin ruwa, da a-kori-kura ɗauke da bulo da siminti, da Keke Napep masu jigilar ma'aikata zuwa Karmo. A gefen titi kuma ga masu faci, kowa da injin iskarsa da tulin tayoyi. Mutane da yawa a nan da taya suke cin abinci. Wannan darasi nasu ne, da duk wanda wata rana zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya sayi taya.

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wani ɗan ɗaki mai ƙafafu da ake ɗaurawa a bayan mota. Da gado a ciki, da wurin girki. Iyali su ja shi su tafi hutu, in sun dawo su ajiye shi a tsakar gida wata da watanni. Masu irin wannan ɗaki sun daɗe da sanin cewa zama ne yake kashe tayarsa tun kafin tafiya ta cinye ta. Mu a Idu ba mu cika ganin ɗakin hutu ba, amma muna da danginsa: janareto mai taya da ake ja zuwa wurin gini, injin kwaɓa siminti, tankin ruwa da tarakta ke ja, da bodin tirela da aka cire wa kai aka bari a fili. Duk ciwonsu ɗaya. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Rana ta gasa ta, ta bushe, ta yi tauri, ta soma tsagewa. Zanenta yana nan kamar sabo, amma ƙarfinta ya tafi.

To, ta yaya za ka san shekarun taya? A jikinta aka rubuta su, kuma in ka iya karatu ba mai ɓoye maka.

Tsuguna ka dubi gefen tayar, kusa da wili. Nemi haruffa uku: DOT. Bi layin da yatsa har ƙarshensa. Can za ka tarar da lambobi huɗu, galibi a cikin wani ɗan kewaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019, wato farkon watan Yuni. In ka ga 0524, mako na 5 ne na 2024. Tun daga shekarar 2000 ake rubuta lambobi huɗu. Wadda ka ga lambobinta uku kacal kafin 2000 aka yi ta, kada ma ka tambayi kuɗinta. Idan ba ka ga lambar a wannan gefe ba, juya tayar, don wasu kamfanoni a gefe ɗaya suke buga ta. Idan lambar makon ta wuce 53, ko ka ga an kankare wurin, ko an manna wata roba a kai, an yi wa tayar aika-aika. Ajiye ta ka wuce.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana faɗakar da direbobi cewa su ƙidaya shekara huɗu daga ranar da aka yi taya. Kamfanonin mota da dama suna cewa shida. Kamfanin Michelin ya ce in taya ta kai shekara biyar a riƙa kai wa masani ya duba ta duk shekara, in ta cika goma kuwa a cire ta ko yaya kyanta yake. Da irin zafin da kwaltar Abuja ke ɗauka a watan Maris da Afrilu, ni dai na fi natsuwa da ƙidayar da ta fi gajarta. Hukumar ta ƙara matsa wannan faɗakarwa ne bayan 6 ga Maris, 2016, ranar da ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansu suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, sanadin fashewar taya. Motar alfarma ce, amma hakan bai hana ba.

Ga yadda ciniki yake tafiya in mai saye ya iya karatu:

"Maigida, ga wata 'yar Beljiyam, zanenta ko ƙasa bai taɓa ba."

"Mirgino ta nan, Malam, in gani. A'a, wannan ai 1416 ce."

"Wallahi ba a yi aiki da ita ba, maigida."

"Na yarda ba ta yi tafiya ba, amma ta tsufa. Nemo mini wadda ba ta wuce shekara biyu ba, sai mu yi maganar kuɗi."

Ba a yi faɗa ba, ba a ci mutuncin kowa ba. Mai sayarwar ma sau da yawa bai san shekarunta ba, a haka ya saro ta.

Bayan shekaru sai girma. Manyan lambobin da ke gefen taya su ne girmanta. Ɗauki 195/65 R15 91H, wadda ƙananan motoci da yawa ke amfani da ita. Lamba 195 faɗin tayar ne da milimita. Lamba 65 tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin. R irin saƙar da ke cikinta ce, 15 kuma girman wili ne da inci. Keke Napep yawanci 4.00-8 yake ɗauka, manyan tireloli kuma irin su 315/80 R22.5. Ba lallai ka haddace ma'anar kowace ba. Kwafe lambar tayar da abin hawan ya zo da ita a takarda, ka tafi da takardar kasuwa, ko Zuba za ka je ko Apo.

Wadda nake so ka tsaya a kanta ita ce 91. Mutane ba su kula da ita, alhali ita ce ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka. Lamba 91 tana nufin kilo 615, wato buhun siminti 12 da ɗan ƙari, tunda buhu kilo 50 ne. Lamba 100 kilo 800 ce, 106 kuma kilo 950. Mu yi lissafi. Kana da ƙaramar tirela mai ƙafa biyu, ka ɗora mata tankin ruwa na lita 1,000. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga ruwan kaɗai kilo 1,000. A ce ƙarfen tirelar da tankin sun kai kilo 300. Jimla 1,300. In ka sa mata tayoyi biyu masu lamba 91, abin da za su iya shi ne 615 sau biyu, 1,230. Lodi ya fi ƙarfinsu tun kafin a shiga ramukan hanyar Karmo. Irin wannan tirela tayar ɗaukar kaya take so, wadda za ka ga harafin C a bayan girmanta, kamar 195 R14C ta motocin bas, mai lamba 106. In kuma ka ci karo da wadda ta fara da ST, ta tirelar da ake ja ce kawai. Kada ka sa wa mota ita.

Harafin ƙarshe gudu yake nufi: H kilomita 210 a awa, T 190, L 120. Wannan bai cika damun mai jan tanki ba.

Yanzu maganar gwanjo. Da a nan gida ake yin taya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yi a Ikeja a 2008. Tun lokacin daga waje ake kawo yawancin tayoyinmu, tsada ta tura talaka ga ta hannu. Tsohuwar tayar mota tana cikin kayan da kwastan suka hana shigowa da su, amma kasuwa cike take da ita. Ba zan ce wa mai keke ɗaya, wanda kullum sai ya kai balas, lallai ya sayi mafi tsada ba. Abin da zan ce masa shi ne, sabuwar taya mai sauƙin kuɗi, wadda shekararta da lambar lodinta suka dace, ta fi tsohuwa mai babban suna.

In babu yadda za ka yi sai ta hannu, sa a cire ta daga wili ka leƙa cikinta. Shafa da tafin hannu. Facin da aka yi a tsakiyar zane yana iya riƙewa, na gefe kuwa ba abin yarda ba ne, don gefen taya kullum lanƙwasawa yake. Danna ta da gwiwa ka ga ko ƙananan tsagu za su buɗe baki. Kumburi a gefe alama ce zaren ciki ya tsinke. Dubi bakinta inda take kama wili, domin wasu masu shigo da kaya sukan cusa taya cikin taya don kwantena ta ɗauki da yawa, wayar bakin ta karye. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha kama irin waɗannan. A cikin kwarin zane akwai wani ɗan tudu mai tsayin milimita 1.6. In zane ya suɗe har ya yi daidai da shi, tayar ta gama aiki. Wasu sukan ɗauki suɗaɗɗiya su yanka mata sabon zane da wuƙa mai zafi, su shafe ta da baƙin mai ta riƙa ƙyalli. Za ka gane ta da zanen da ya karkace da kuma rashin ɗan tudun nan. Akwai kuma wadda aka zana wa hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. Ta lokacin sanyin Turai ce, robarta taushi gare ta, kwaltarmu nan da nan take cinye ta.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, lissafi ma ya yarda. Farashi yana canzawa, don haka wannan misali ne kawai. A ce sabuwa naira 60,000 ce, ta yi maka wata 24. Raba 60,000 gida 24, kowane wata naira 2,500. A ce ta gwanjo naira 24,000 ce, ta yi wata 6. Kowane wata naira 4,000. Ba a sa kuɗin faci ba, ba a sa ranar da ka yini a bakin hanya kaya na jiranka ba.

In ka saya, tayoyin da ke layi ɗaya, dama da hagu, su zama girma ɗaya, iri ɗaya. Auna iska da safe kafin ka tashi, da geji, ba da dukan ƙafa ba. A mota, adadin iskar yana rubuce a jikin ƙofar direba. Ƙarancin iska shi ke sa taya ta yi zafi har ta yi bindiga. Kada ka rage mata iska a tsakiyar tafiya don ka ji ta yi zafi. Abin da zai daɗe a ajiye kuma, ɗaga shi a kan katako ko bulo, ka rufe tayoyin da buhu saboda rana. Safaya ma tana tsufa, duba lambarta. Idan taya ta fashe kana gudu, riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka danne birki da ƙarfi.

Ɗauki littafinka da fensir ka je wurin abin hawan da ka fi shiga, naka ne ko na maigidanka ko na maƙwabci. Kwafe lambobi huɗun nan na kowace taya, har da safaya, ka rubuta shekarunta a gefe. Wadda ka tarar ta wuce shekara huɗu, gaya wa mai ita tun yau.