Yadda Ake Neman Maƙalar Masana: Darasi Daga Ƙofar Nassarawa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, sau da yawa malamin Tarihi ko na Nazarin Zamantakewa yakan ba mu aikin bincike, sai ka ga kowa ya kwaso abin da ya ji a bakin mutane ko ya gani a Facebook. Jita-jita kuwa ba ta zama shaida. Saboda haka nake so in nuna mana hanyar samun rubutun masana, kuma zan yi misali da Ƙofar Nassarawa, wadda yawancinmu muke bi ta wajenta kullum.

Da farko, mece ce maƙalar masana? Ita ce rubutun da wani mai bincike ya yi, wasu masana suka duba shi kafin a buga a mujallar ilmi, kuma ya faɗi inda ya samo kowace magana. A da sai mutum ya je laburare ya bi katunan sunayen littattafai ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kuwa an tara dubban mujallu a manyan rumbuna na intanet. Uku daga cikinsu sun isa mai farawa: JSTOR, wanda ya ƙunshi tsofaffin mujallu masu yawa, AJOL, wanda aka fara a 1998 domin mujallun Afirka, da Google Scholar, wanda ya fito a 2004.

Mataki na ɗaya, ka mai da batunka tambaya. Kada ka ce "Kano" kawai, domin sakamakon zai fi ƙarfinka. Ka ce: yaushe aka gina ganuwa, kuma me ya sa take lalacewa?

Mataki na biyu, ka zaɓi kalmomi biyu ko uku. Yawancin waɗannan maƙaloli da Turanci suke, don haka "Kano city walls" zai fi amfani da doguwar jimla. To, a nan ne sunan ƙofarmu yake koya mana darasi. Wani ya rubuta Nassarawa, wani Nasarawa, kuma Turawa ba sa sa ƙugiya a harafin Ƙ. Ga kuma Jihar Nasarawa da aka ƙirƙira a 1996. Idan ka rubuta sunan shi kaɗai, kana iya tarar da kanka a Lafiya ko Keffi alhali Kano kake nema! Sai ka gwada kowane rubutu, ka haɗa shi da kalmar Kano.

Mataki na uku, idan ka sami maƙala ɗaya mai kyau, ka duba ƙarshenta. Sunayen da marubucin ya jera su ne za su kai ka ga wasu. Ta haka za ka ci karo da fassarar Tarihin Kano da H. R. Palmer ya buga a 1908, inda aka ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa. Za ka kuma ga littafin H. L. B. Moody na 1969 a kan ganuwa da ƙofofin birni, da wanda Bawuro Barkindo ya shirya a 1983 a kan tarihin Kano. Ka gwama maganar wannan da ta wancan, ka lura da shekarar kowanne.

Wani zai ce ai wasu maƙalolin sai da kuɗi. Gaskiya ne, amma mai nema yana tare da samu. Ka tambayi ma'aikacin laburare, ko a Laburaren Murtala Muhammad ko a Jami'ar Bayero, domin shi ya san ƙofar da take buɗe. Ka kuma leƙa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa ka ga wasu abubuwan da idonka.

Daga ƙarshe, duk abin da ka ɗauko, ka rubuta sunan mai shi da shekara da shafi. Ɗaukar maganar wani ba tare da ambatonsa ba sata ce. Ganuwar Kano tana ta zaizayewa, gine-gine suna cin wurinta. Idan mu 'ya'yan birni ba mu iya neman sahihin labarinta ba, wa zai faɗa wa na bayanmu gaskiya? Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.