Darasi Na Tara: Siffanta Kai Da Haske Da Inuwa

Kalmar majigi ararriya ce daga Ingilishi, daga sunan wata fitila da ake haska hotuna da ita a jikin bango. Da ta shigo Hausa sai sautin /k/ na ƙarshenta ya koma /g/, aka kuma liƙa mata wasalin /i/, kamar yadda aka yi wa bokiti da kofi. A zamanin mulkin mallaka, musamman bayan da Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka a 1939, motocin majigi sun riƙa zagaya garuruwan Arewa. Akan kafa farin ƙyalle a ƙofar sarki ko hakimi, a nuna finafinan tsafta da noma, mai bayani yana fassarawa da Hausa. Hoton na wasu ne, Bahaushe nasa kallo. Manufar wannan darasi ita ce yaro ya zama shi ne a jikin ƙyallen, kuma shi ne mai bayani.

Akwai abin koyi a maƙwabta. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a N'Dounga kusa da Yamai a 1942, ya fara ne da nuna wa mutanen garinsu wasan inuwa da fitila tun yana yaro. Daga baya ya shiga sahun farko na masu shirya zane mai motsi a Afirka. A fim ɗinsa na 1966, Bon Voyage Sim, kwaɗo ne shugaban ƙasa. Ya zauna a Tawa shekaru da dama, ya rasu a 2015.

Yadda Ake Gudanar Da Aikin

A ɗauka an tura malami wata firamare a Ƙofa, ta yankin Kankiya da Kusada. Ba sai ya jira lantarki ba. Tocila ko fitilar wayar hannu, da farar takarda babba, da gawayi sun wadatar. A rufe tagogi, a manna takardar a allo, yaro ya zauna a gicciye tsakaninta da hasken, abokinsa ya bi gefen inuwar da gawayi. In yaron ya matso kusa da fitila inuwarsa za ta ƙara girma, in ya matsa kusa da takarda za ta tsuke ta fito tsaf. Fitila mai ƙwai ɗaya ta fi, domin mai ƙwayaye da yawa tana tarwatsa bakin inuwa.

Sanya motsi kuwa ba wuya. Silima tana nuna hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, amma 12 ma sun isa ido ya ga motsi. Yaro ya ɗaga hannu kaɗan-kaɗan, ana ɗaukar inuwar da waya a kowane mataki, sannan a bi hotunan da sauri.

Rabon Malamin Hausa

A nan ne ɗalibai masu gwajin koyarwa suka fi yin sake: sukan ƙarar da lokaci wajen gyaran fitila, a kaɗa ƙararrawa ba a koyi kalma ko ɗaya ba. Inuwa ba ta da ido, ba ta da launi. Abin da ta ɓoye, harshe ne zai fito da shi. Tun kafin zuwan hoto Bahaushe yana da hanyar siffanta kansa, wato kirari, irin wanda ɗan dambe da maharbi suke yi wa kansu. Don haka sai yaro ya fara da sunayen abin da ya gani, goshi da karan hanci da haɓa da ƙeya, ya kawo sifofin da suka dace da su, sannan ya rubuta wa kansa kirari na layi uku ko huɗu a cikin zanen, ya rera shi lokacin da ake nuna motsin. Wanda ya ari kirarin attajiri ko basarake, a mayar da shi ga sana'ar gidansu da abin da shi kansa ya iya.

Wajibi ne malami ya sa ido, domin inuwa takan ƙara wa hanci tsawo ko ƙeya tudu, kuma laƙabin da aka yi wa yaro a aji huɗu yakan bi shi har furfura. Kada a bar kowa ya siffanta inuwar wani. Haka kuma wasu iyaye suna ƙyamar zana surar mutum saboda dalilin addini, don haka a tuntuɓi shugaban makaranta tukuna. Yaron da aka hana, sai ya yi amfani da inuwar hularsa ko ta tafin hannunsa.

Jinga: ɗalibi ya tsara wannan darasi domin aji huɗu, na minti 35, ya nuna mintuna nawa ya ware wa kirari.