Darasi: Ma'anar Kalmar "Growth" Da Asalinta

Duk wanda ke tsallaka iyakar Aflao da shanu zuwa Gana ya sha jin kalmar "growth" a bakin ma'aikatan banki da 'yan rediyo. Mu nan Zangon Lome da Faransanci muka saba, inda ake cewa "croissance". Ma'anarsu ɗaya ce: bunƙasa, wato ƙaruwa da haɓaka.

To ina asalinta? Daga "grow" ta fito, wadda a tsohon Turanci ake cewa "growan", kuma galibi tsiro ake nufi da ita. Tushenta ɗaya da "grass", ciyawa, da "green", launin kore. Ita "growth" ɗin sai a ƙarni na 16 ta bayyana a rubuce. Ashe tun fil azal kalmar makiyaya ce da manoma: abin da ya tofo, ido ya gan shi.

Ga inda darasin ya shafe mu. A ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Farashin shanu ya hau a kara, aljihu ya cika da takardu. Amma wanda ya koma arewa saro ya tarar can ma kaya sun hau. Haka a Gana a 2007, sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma ba garken wanda ya ragu ko da maraƙi. Lambar da ke jikin takarda ba ita ce dukiya ba.

Saboda haka mu riƙa lissafi da kai, ba da kuɗi kawai ba. Misali, bara jarinka ya sayi bijimai 20. Bana, bayan ka cire kuɗin mota da la'adar dillali da na kwastan da takardar likitan dabbobi, nawa zai saya? In 22 ne, ka bunƙasa. In 18 ne, ko da kuɗin sun fi na bara yawa, ka ci uwar kuɗi ke nan. Kumburi daban, ƙiba daban.

Kowa ya yi wannan lissafi kafin ya sake ɗora kaya daga Sinkase. Allah ya sa wa neman namu albarka, amin.