Ciwon Baki a Lokacin Gashin Daji

Maigida, wannan takarda dominka ce, in akwai wani a gidanka da likita ya ce yana da ciwon daji a baki, ko harshe, ko maƙogwaro. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran.

Daga Unguwar Tudu akan fara zuwa asibitin Gwarzo ko na Kabo, daga nan a tura mutum Kano. In an ga sai an yi masa gashi, sai a aika da shi inda na'urar ta ke, kamar Shika ta Zariya ko Abuja. Gashin nan ba da wuta a ke yinsa ba. Wani haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, shi ke ratsa jiki ya kashe dajin. Akan yi shi kwana 5 a mako, har mako 6 ko 7.

To, fatar cikin baki ba ta da kauri, hasken nan kuwa yakan taɓa ta. A mako na 2 ko na 3 sai baki ya yi ja, gyambo ya fito, yawu ya kafe, abinci ya daina daɗi. A nan ne 'yan dubiya kan ce magani bai karɓe shi ba, a komo da shi gida. Kada ka yarda. Likita ya san da zuwan gyambon nan tun kafin a fara, kuma yakan warke makonni kaɗan bayan an gama. Amma in aka tsinke gashi a tsakiya, dajin da ya fara mutuwa sai ya sami sarari ya farfaɗo, kuɗin mota da na asibiti duk sun tafi a banza.

Kafin a fara, a kai shi wurin likitan haƙori. Haƙorin da ya ruɓe gara a cire shi tun da wuri. Bayan gashi ƙashin muƙamuƙi ba ya warkewa da sauri, saboda haka kada a bar wanzami ya cire masa haƙori, ko da an shekara goma.

Ga abin kurkure baki. A tafasa ruwa lita 1, wato kamar leda biyu ta ruwan sayarwa, a bari ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi 1. Ya kurkure ya zubar, bayan kowane abinci da lokacin kwanciya. Kullum a haɗa sabo. Kada a sa kanwa ko toka. Ya ajiye asawaki da gawayi tukuna, ya goge haƙora a hankali da buroshi mai laushi.

Uwargida, sauran aikin naki ne. Mai ciwon baki yakan ƙi abinci, in kuwa ya rame ba zai jure gashi ba. Ki yi masa tuwo mai ruwa-ruwa da miyar kuɓewa ko kuka, don santsi yana taimakon haɗiya. Ki ba shi alala, da ƙwai, da faten kabewa, da madara, da kunun gyaɗa wanda ba a sa wa tsamiya ba. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kuma sai ya huce. Ban da barkono, da yaji, da lemun tsami, da ƙuliƙuli, da kilishi. Ko fura ma a kirɓa masa tasa ba citta. Goro da taba kam, mun san rabuwa da su da wuya, amma tilas ne. Ku ci tare da shi kamar da, daji ba ya yaɗuwa ta kwano, hasken na'ura kuma ba ya biyo shi gida.

Busasshen baki yana saurin kamuwa da wata cuta. In kun ga fari-fari kamar kindirmo ya manne a harshe ko ganda, kada ku kankare, akwai maganinsa a asibiti. Zafin bakin ma a gaya wa likita, akwai abin da zai rage shi. In zazzaɓi ya zo, ko jini, ko ya wuni bai iya haɗiye ruwa ba, ko fitsari ya ragu, kada a jira ranar da aka ba shi. A nemi mota a ranar, a tafi da katinsa.